Ciki Da Neman Aiki: Shawara Ga Sabuwar Nas

 

Yau zancenmu a kan sababbin ma'aikatan jinya ne, watau nas-nas, musamman wadda ta gama karatu da aurenta, ko wadda aka kai ta ɗaki tana gamawa. Irin wannan baiwar Allah takan sami kanta a tsaka mai wuya. Ga dangin miji sun zuba ido su ga ta fara laulayi, ga kuma takardar shaida a ƙasan akwati wadda aka sha wahalar shekaru kafin a same ta. In ta sami ciki tana tsoron a kira ta intabiyu a gan ta da shi, a ce ta koma gida sai ta sauka. In kuwa ta jinkirta tana tsoron gori, a ce boko ya hana ta haihuwa, har a fara yi wa maigida zancen ƙarin aure. To ƙanwata, in ke ce a wannan hali, jawo tabarma ki zauna mu yi lissafi. Ku kuma iyaye da surukai kada ku tashi, akwai naku kason a gaba.

Mu malaman makaranta abin ya zo mana da ɗan sauƙi, domin muna samun hutu sau uku a shekara, kuma da an tashi yara mun koma gida. Asibiti kuwa ba a rufe shi ko ranar Salla. Nas tana aikin safe, tana na yamma, tana na dare, kuma yawancinsa a tsaye. Shi ya sa maganar lokacin ciki ta fi nauyi gare ta.

ABU BIYU MARASA RANA

Abin da nake so ki riƙe tun da fari shi ne, aiki ba shi da rana, ciki ma ba shi da rana. Saboda haka kada ki jingine ɗaya kina jiran ɗaya ba tare da wa'adi ba.

Duba aikin gwamnati. Akan daɗe ba a buɗe ƙofar ɗaukar ma'aikata ba. In an buɗe an yi intabiyu, sai a yi watanni kafin takarda ta fito, sa'an nan sau da yawa a sake yin wasu watannin kafin albashin farko ya shigo. Wadda ta ce ba za ta haihu ba sai ta kama aikin gwamnati tana iya wayi gari shekara uku sun wuce, ba aikin ba ɗan.

Duba ciki kuma. Haihuwa ta Allah ce, ba wadda ke sa mata rana. Likitoci sun ce cikin ma'aurata 10 da ke neman haihuwa, in matar ba ta kai shekara 40 ba, wajen 8 sukan samu cikin shekara ɗaya, sauran kuwa sai sun ƙara jira. Har wa yau samun ciki yakan ƙara wuya bayan mace ta wuce shekara 35. Ke nan 'yar shekara 23 da 'yar shekara 33 lissafinsu ba ɗaya ba ne. Ta farkon in ta jinkirta shekara guda ba ta yi asarar komai ba, ta biyun kuwa kowace shekara tana da tsada gare ta. Wadda ta shekara tana nema ba ta samu ba, ko ta yi wata shida in ta wuce 35, sai su je wurin likita ita da maigida tare, domin matsalar tana iya zama daga kowannensu.

WACE TAKARDA CE A HANNUNKI?

Kafin zancen ciki ko aiki, fara kammala takardunki. Ba wadda ta zama nas a Nijeriya sai ta ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1979, an yi mata rajista an ba ta lasisi. Sau biyu a shekara ake wannan jarrabawa, watau in ranar ta zo kina ɗakin jego sai ki jira wata shida. Lasisin kuma yana da wa'adi, sabunta shi ake yi. Ko kina gida da goyo kada ki bari ya mutu, domin ranar da aka buɗe ɗaukar ma'aikata ba za a jira ki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wadda ta yi makarantar jinya ta shekara 3, da lasisi ya fito ta shiga kasuwar aiki. Amma wadda ta yi digiri na shekara 5 a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello a Zariya ko ta Bayero a Kano, tana da sauran zango biyu: shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sa'an nan shekarar bautar ƙasa. Shekarar sanin makama a jere ake son a yi ta, kwanakin da aka sha a gida akan nemi a rama su, kuma samun gurbinta ma wuya gare shi. In kin samu, ki yi ƙoƙari ki gama ta kafin haihuwa. Bautar ƙasa ta fi sassauci. Matar aure tana da damar neman a tura ta jihar da mijinta yake zaune in ta kawo shaidar aure, kuma ba a barin mai ciki ko mai shayarwa ta zauna a sansanin horo na mako uku. Don haka wadda take son ta haihu kafin ta kama aikin dindindin, wannan shekarar ta fi dacewa da ita.

LISSAFIN WATA SHIDA

Yanzu bari mu zo kan allo. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 54, ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, watau mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta. Ta ce a biya ta aƙalla rabin albashinta, amma da sharaɗin ta yi wata 6 a jere tana aiki a wurin kafin ta tafi hutun. Ta hana a sallame ta tana cikin hutun, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu kowace rana don ta ba yaro nono.

To ga lissafin. Ciki mako 40 ne in aka ƙidaya daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Cire mako 6 na hutu, saura 34. Wata 6 mako 26 ne, cire su daga 34, saura 8. Ma'ana, wadda ta kama aiki da cikin da bai wuce mako 8 ba, watau kamar wata biyu, za ta cika wata shidanta kafin hutu ya zo. Wadda ta kama aiki da cikin wata biyar kuwa tana iya samun hutu, amma ta shirya wa zama ba albashi.

Sai dai ki lura, wannan doka ta fi shafar ƙananan ma'aikata, ta ware masu aikin ƙwarewa. Saboda haka abin da aka rubuta a takardar ɗaukarki shi ne madogararki, ko da yake masu asibitocin kuɗi da yawa da ma'aunin dokar suke aiki. A aikin Gwamnatin Tarayya hutun haihuwa bai kasa wata 4 ba, da cikakken albashi, kuma a shekarar 2021 an amince a ba maigida ma'aikaci hutun kwana 14 na aiki in matarsa ta haihu. Jihohi kowace da nata tsarin. Legas ta mai da nata wata 6 a shekarar 2014, Kaduna ma ta yi haka a 2019. Wadda take aikin sa-kai ko na wucin gadi a asibiti kuwa galibi ba ta da hutu mai albashi, kuma ba tabbas ta tarar da gurbinta in ta dawo.

Don haka ranar da aka miƙo miki takarda, kada murna ta sa ki sa hannu ba ki karanta ba. Ki tambaya: mako nawa ne hutun haihuwa? Da albashi ko babu? Sai an yi wata nawa ake cancanta? Hutun shekara yana ciki ne ko daban yake? Sabon ma'aikacin gwamnati yakan yi shekara 2 na gwaji kafin a tabbatar da shi, to ki tambayi yadda haihuwa cikin waɗannan shekaru za ta shafi tabbatarwar. Tambaya ba rashin kunya ba ce, kuma wadda ta yi ta tun farko ba ta kuka daga baya.

IN KUN YANKE SHAWARAR JINKIRTAWA

Na ce "kun" domin wannan ba shawarar mutum ɗaya ba ce. Kada ki sha magani a ɓoye wa maigida. Ranar da ya gano, ba maganin zai dame shi ba kamar ɓoyewar, kuma aure da yawa sun girgiza a kan haka. Ki nemi lokacin da hankalinsa yake kwance ki ce, "Maigida, ga abin da nake tunani, me ka gani?" Ki nuna masa lissafin nan da ke sama. Sa'an nan ku sa wa'adi, wata shida ne ko shekara. In wa'adin ya cika aiki bai samu ba, ku bar jinkirin, ki ci gaba da neman aikin. Jinkiri mai wa'adi dabara ce, marar wa'adi kuwa caca ce da shekarunki.

Ke nas ce, kin san hanyoyin tazarar haihuwa, amma bari in tuna miki abu ɗaya da ake yawan mantawa. Allurar wata uku takan jinkirta dawowar haihuwa bayan an bar ta, wata mace har kusan shekara kafin ta sami ciki. Ƙwaya da ashanar damtse da robar mahaifa kuwa, da an bari ko an cire, haihuwa takan dawo da wuri. Wadda jinkirinta na 'yan watanni ne ta yi tunani kafin ta zaɓi allura. Ki je sashen tazarar haihuwa a duba ki kamar kowa, kada ki rubuta wa kanki magani don kin san sunansa.

Mai goyo kuma lissafinta daban ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani cikin, wanda ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da muka sani. Ga goyo, ga ciki, ga sabon aiki da kwanan asibiti, wannan kam taura biyu ma ba sa taunuwa balle uku.

IN CIKI YA RIGA AIKI

To in Allah Ya kawo rabo kafin takarda fa? Sai ki gode masa, ki ci gaba da kai takardunki duk inda aka buɗe. Kada ki zauna gida ki yanke wa kanki hukuncin da masu ɗaukar aikin ba su yanke ba. Tsarin Mulkin 1999, sashe na 42, ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci don shi namiji ne ko mace, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta taɓa yanke hukunci cewa korar mace saboda ciki nuna bambanci ne. Gaskiya ne akwai masu asibitin da za su ga ciki su ce za su neme ki, ba kuwa za su neme ki ba. Wurin da ya ƙi ki don ciki, da ma ba zai raga miki ba ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi.

Yaushe za ki faɗa? In cikin ƙarami ne ba a kuma tambaye ki ba, ba dole ne ki fara da shi a gaban masu intabiyu ba, ƙwarewarki aka zo ji. In an tambaye ki, ki faɗi gaskiya, ki haɗa da shirinki: ga watan da nake sa ran sauka, ga wadda za ta riƙe mini yaro, ga lokacin da zan dawo. Shugabar nas-nas ta fi son wadda ta zo da shiri, domin ita damuwarta jadawalin aiki. Kada ki yi ƙarya, kada kuma ki ɗaure ciki da zane don ki ɓoye. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Da kin karɓi takarda, kafin a tura ki wani sashe, ki sanar da shugabarki. Haka kuma in an tura ki gwajin lafiya na kama aiki, ki gaya musu kina da ciki kafin a ɗauki hoton ƙirji.

JIKINKI DA ABIN DA KE CIKINSA

Dalilin gaggauta sanarwa shi ne, asibiti wurin cuta ne. Mai ciki ba ta da wurin tsayawa a ɗakin hoto lokacin da ake ɗauka, bai kuma kamata ta riƙa haɗa magungunan ciwon daji ba. Ta yi hattara da masu tarin fuka da ƙyanda da ƙarambau, ta kuma nemi taimako wajen ɗaga majinyaci mai nauyi. Sai zazzaɓin Lassa, wanda yakan yi tsanani da rani. A garin Lassa na jihar Borno ta yanzu aka fara gano shi a shekarar 1969, kuma nas-nas ne na farko da aka sani ya kashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ya kama mace a watanni ukun ƙarshe na ciki, fiye da 80 cikin 100 akan rasa ɗan, ko uwar, ko duka biyun. Safar hannu da takunkumi da wanke hannu ba ado ba ne gare ki.

Tun kafin ciki, ki kammala allurar riga-kafin ciwon hanta nau'in B, wadda ake yi sau uku cikin wata 6, domin tsirewar allura ba ta sallama. Ki fara shan ƙwayar folik asid tun kina neman cikin, saboda lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa suna haɗuwa ne cikin mako huɗun farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma san ta ɗauka ba. Da ciki ya tabbata ki yanki katin awo. Tun shekarar 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a je awo aƙalla sau 8. Ki karɓi allurar tetanas da maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro, ki kwana cikin gidan sauro, a riƙa auna jininki. Abin kunya ne nas ta yini tana yi wa mata faɗan awo, ita kuwa sai ƙafa ta kumbura kai ya sara sa'an nan ta tuna da nata.

Ki sani kuma wata ukun farko su ne na laulayi da kasala, kuma sabon aiki ma watanninsa na farko su ne na wahala, lokacin da ake koyon wuri ana kuma sa miki ido. In su biyun suka haɗu, ki riƙa tafiya da ɗan abin taɓawa da ruwa, ki nemi a sassauta miki aikin dare in likita ya ga dacewar haka. Daga wata na huɗu zuwa na shida jiki yakan saki.

WA ZAI RIƘE YARO?

Mata da yawa suna lissafin wata tara su manta da shekara biyun da ke biye. Hutu zai ƙare, mako 12 ne ko wata 6. Ranar da aka sa ki aikin dare, wa zai kwana da jariri? Wannan magana tun ciki yana ƙarami ake yin ta. In goyon ciki za ki je gidanku, ki lissafa kwana 40 na wanka cikin hutun, ki kuma bar mako ɗaya ko biyu da za ki dawo ɗakinki yaro ya saba da mai rainonsa kafin ki koma aiki. Ki samo babbar mace mai hankali daga dangi, kada ki cire 'yar ƙanwarki daga makaranta don ta yi miki raino. Ke ma da an cire ki, da ba ki sa farin kaya ba.

Nono zalla ake so yaro ya sha har wata 6. Ki koyi tatsa tun kina hutu. Nonon da aka tatsa a kofi mai tsabta mai murfi yakan kai awa 4 a ɗaki, in ana tsananin zafi kuwa kada a bari ya kai haka. A firji yana kai kwana 4 in wuta ba ta yankewa. Ki kuma ajiye ɗan abin da zai riƙe ku wata biyu ko uku, ko adashi ne, saboda jinkirin albashi.

GA IYAYE DA 'YAN MAKARANTA

Iyayenmu da surukanmu, a gafarce ni, ga naku. Ku ne kuke cewa ba ku son namiji ya karɓi haihuwar 'ya'yanku, kuma kuna da gaskiya. To macen da za ta karɓa daga ina za ta fito, in kowace amarya da ta yi karatun aka tsare ta da gori har ta ninke takardarta? Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen ciki da haihuwa a duniya duka 'yan Nijeriya ne. Kowace nas da ta zauna gida, wani ƙauye ne ya rasa mai duba matansa. In surukarku ta nemi 'yan watanni ta daidaita aikinta da yardar mijinta, ku yi mata addu'a. In ta haihu, ku karɓi jikanku ranar da take aikin dare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma 'yan makaranta masu sha'awar farin kaya, ku dage da darussan kimiyya da lissafi da Turanci, domin da su ake shiga. In maganar aure ta taso, a yi zancen aikin a gaban manya tun kafin a sa rana: zai bar ki ki yi aikin dare? Zai bar ki in an tura ki wani gari? Abin da aka warware kafin ɗaurin aure ba ya zama rigima bayansa.

Ƙanwata sabuwar nas, ranar aiki da ranar haihuwa ba a hannunki suke ba. Amma lasisinki, da lafiyar jikinki, da shawara da maigida, da karanta takarda kafin sa hannu, duk suna hannunki tun yau. Ki gyara su, sa'an nan duk wanda ya riga zuwa cikin biyun ya tarar da ke a shirye.

Allah Ya ba masu nema aiki mai albarka, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya.